Wa ke Raba Lokacin Sauraren Sama?

A ranar 10 ga watan Afrilu na 2019 ne duniya ta fara ganin hoton baƙin rami, wato zoben nan mai kama da garwashi da ke tsakiyar gungun taurarin da masana ke kira M87. Kafafen yaɗa labarai sun yi ta bayani a kan girman ramin da nisansa, da yadda aka haɗa na'urori takwas da ke warwatse daga Chile zuwa Hawayi, daga Sifaniya zuwa ƙanƙarar Antatika, suka yi aiki tamkar ido ɗaya. Abin da ba a cika ambata ba shi ne takardar umarnin da kowace na'ura ta bi a watan Afrilun 2017, lokacin da aka tattara bayanan: a daƙiƙa kaza ta fuskanci wuri kaza, ta saurara na minti kaza, sannan ta juya. An keɓe kwana goma domin aikin, an rubuta jadawalin tun kafin ranar farko, kuma kowace rana sai an auna hasashen yanayin dukkan wuraren kafin a yanke shawarar a fara ko a jira gobe. Darare biyar aka yi amfani da su. Duk na'urar da ta kauce wa jadawalin, abin da ta naɗa a wannan lokaci ya tashi a banza, domin ba shi da abokin da za a gwama shi da shi.

Manhajar kwamfuta ce ke fitar da irin wannan jadawali, kuma a cikin kayan aikin ilimin falaki babu wanda jama'a suka fi mantawa da shi kamarta. Akan ɗauke ta kamar akawun da ke cika rajista bayan manya sun gama yanke shawara. Wannan fahimta ta tsufa. A manyan cibiyoyin sauraren sama na yau, manhaja ce ke jera ayyukan ɗaruruwan masana, ta nuna wanda ya fi dacewa da sa'a mai zuwa. Duk mai yin wannan aiki hukunci yake yankewa, mutum ne ko manhaja. Don haka ya wajaba ƙa'idojin da take bi su kasance a fili, a riƙa bin diddigin wanda suka fifita da wanda suka bari a baya, a kuma ɗauki nauyin kula da ita kamar yadda ake ɗaukar nauyin farantan ƙarfen da take juyawa.

Abin da ake rabawa

Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa akwatin rediyo ana laluben gajeren zango ya san cewa iska cike take da igiyoyin da ido ba ya gani. Taurari da gizagizan iskar gas da ke tsakaninsu su ma suna fitar da irin waɗannan igiyoyi, sai dai kafin su iso duniya sun yi rauni ƙwarai. Na'urar hangen nesa ta rediyo ƙaton faranti ne, babban wan dish ɗin talabijin, wanda ke tattara wannan raunin saƙo ya miƙa wa kwamfuta. Tana iya aiki dare da rana, domin hasken rana ba ya shafe igiyoyin rediyo kamar yadda yake shafe taurari daga ido. Mai karatu zai iya zaton cewa lokaci ya wadata ke nan. Amma sa'o'in ba daidai suke da juna ba, kuma a nan wahalar take.

Dalili na farko shi ne juyawar duniya. Karl Jansky, injiniyan kamfanin Bell a Amurka wanda ya fara gano igiyoyin rediyo daga sararin sama ya kuma bayyana hakan a 1933, da agogo ya gane asalinsu. Ƙarar da na'urarsa ke kamawa takan kai ƙololuwa sau ɗaya a kullum, amma kowace rana tana riga ta jiya da kimanin minti huɗu. Wannan shi ne bambanci tsakanin yinin da ake aunawa da rana, mai sa'a 24, da wanda ake aunawa da taurari, mai sa'a 23 da minti 56. Manoman da ke lura da fitowar Kaza da 'Ya'yanta sun daɗe da sanin sakamakon wannan lissafi: tauraron da ya fito da asuba a wannan wata, bayan wata shida da magariba zai fito. Ga mai tsara jadawali, ma'anar ita ce abin da ake son saurare yana sama na 'yan sa'o'i kawai a yini, kuma sa'o'in nan suna ja da baya da sa'a biyu a kowane wata. Wasu sa'o'in sun fi wasu cunkoso, kamar lokacin da tsakiyar gungun taurarin da ranarmu ke ciki take bisa kai, domin masu nemanta sun yi yawa. Wasu abubuwan kuma ba sa fitowa sam a wasu wurare. Na'urar da ke Antatika ta shiga aikin 2017, amma M87 ba ya taɓa ɓullowa a samanta, sai dai ta saurari wasu tushen.

Dalili na biyu nauyin ƙarfe ne. Farantin Green Bank da ke jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka faɗinsa mita 100 ne, nauyinsa ya haura tan 7,000. Juya irin wannan daga wani gefen sama zuwa wani yana cin mintoci, kuma duk mintin da faranti ke tafiya ba ya saurare. Ga shi dole a riƙa barin abin da ake nazari ana komawa kan wani tushe da aka san halinsa, galibi ɗaya daga cikin abubuwa masu nisan gaske da ake kira kwaza, domin a auna yadda iska ta gurɓata saƙon a gyara. Dole a guji fuskantar rana kai tsaye. Dole a lissafa iyakar juyin da wayoyin da ke gindin faranti za su iya ɗauka kafin a warware su. A cibiyar VLA da ke hamadar Niyu Meziko, farantai 27 ne masu faɗin mita 25 kowanne, kuma kusan duk bayan wata huɗu akan ɗauke su a kan layin dogo a sake musu zama, daga tsarin da suke matse cikin kilomita ɗaya zuwa wanda suke baje har kilomita 36. Binciken da ke buƙatar wani tsari na musamman, idan damarsa ta wuce, sai ya jira zagayowarsa, kimanin wata 16.

Dalili na uku shi ne yanayi. Igiyoyi masu dogon zango, irin na iskar haidirojin mai tsawon santimita 21, suna ratsa gajimare ba tare da wata matsala ba. Masu zangon milimita ɗaya ko ƙasa da haka kuwa, tururin ruwan da ke cikin iska yana shanye su yana kuma karkata su. Shi ya sa aka kai farantai 66 na cibiyar ALMA kan tudun Chajnantor a hamadar Atacama ta Chile, mita 5,000 sama da teku. Ko a can, sa'o'in da iska ta bushe sarai ta kuma natsu ba su da yawa a shekara, kuma su ne zinariyar cibiyar.

Daga kalanda zuwa layi mai motsi

A tsohon tsari, kwamiti yakan duba takardun neman lokaci, ya ba kowa ranarsa a kalanda. Masani ya yi shiri, ya yi tafiya, ya zauna a ɗakin sarrafa na'ura. Idan ranarsa ta zo da hadari, ya yi asara. Idan kuma ta zo da busasshiyar iska alhali aikinsa ba ya buƙatarta, cibiyar ce ta yi asara, domin an kashe dare mai tsada a kan aikin da kowane dare zai iya yi.

Tsarin da ya maye gurbinsa a manyan cibiyoyi layi ne mai motsi. Kwamiti har yanzu shi ke tantance takardu ya ba su daraja, galibi A ko B ko C. Wanda ya yi nasara sai ya shiga manhajar shirya aiki, irin OPT ta VLA ko Observing Tool ta ALMA, ya rubuta aikinsa a ƙunshi-ƙunshi, kowanne ɗauke da sharuɗɗansa: abin da za a saurara, zangon da ake so, tsawon lokaci, iyakar ƙarfin iska da danshin da aikin zai jure. Ƙunshin nan duka sukan taru wuri ɗaya. Daga nan manhajar jadawali ta dubi agogon taurari, da na'urorin auna yanayi, da farantan da ke da lafiya a wannan lokaci, ta ba kowane ƙunshi maki, ta jera su. A Green Bank manhajar takan yi amfani da hasashen yanayi ta sanar da masani kwana ɗaya zuwa biyu kafin lokacinsa, ya gudanar da aikin ta intanet daga inda yake. A ALMA masanin da ke bakin aiki a cibiyar ne ke duba jerin da manhaja ta kawo ya zaɓa, mai aikin kuwa yana iya kasancewa yana barci a wata nahiya.

Babu mai adalcin da zai musa ribar wannan canji. Dare mai kyau yana zuwa ga aikin da ke buƙatarsa, an rage kuɗin tafiye-tafiye, kuma masanin da ba shi da kuɗin jirgi zuwa Chile ba ya rasa damarsa saboda haka. Sai dai idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ikon da a da yake hannun kwamiti da kalanda, wani ɓangarensa ya koma cikin lissafin maki.

Inda lissafi ya zama hukunci

Makin da manhaja ke bayarwa haɗin abubuwa ne da dama, kuma sai wani mutum ya zauna ya ce wannan ya fi wannan nauyi. Babu wata dokar kimiyya da ta faɗi nauyin da ya dace. Misalai kaɗan za su nuna haka.

Gajeren ƙunshi ya fi sauƙin samun gurbi a kan dogo, kamar yadda ƙaramar mota ta fi tirela samun wurin fakin. Cibiyoyin da kansu sukan shawarci masu darajar ƙasa da su gajarta ƙunshinsu. Shawarar gaskiya ce, amma tana da farashi, domin kowane ƙunshi yana da nasa mintocin daidaita na'ura, kuma akwai binciken da ba ya yankuwa. Sai ya zama tsarin yana sakayya ga nau'in tambayar da ta dace da guraben jadawali.

Akwai kuma zaɓi tsakanin kammalawa da farawa. Idan aikin mai darajar B ya kai kashi 80 cikin 100, ga kuma aikin mai darajar A da ba a taɓa ba, duka sun dace da sa'a mai zuwa, wa za a ba? Bayanan da ba su cika ba sau da yawa ba sa amsa komai, don haka akwai hujjar fifita na farko. Kwamitin masana kuwa na biyun ya fifita. Duk amsar da aka rubuta a cikin manhaja, an yanke hukunci a kan yadda maganar kwamiti za ta yi ƙarfi.

Haka batun ayyukan cike gurbi. Aiki mai darajar C da ke jure mummunan yanayi yana iya kammaluwa, alhali wanda ya fi shi daraja, mai buƙatar busasshiyar iska, yana nan yana jira har shekarar aiki ta ƙare. Babu wanda ya yi zalunci a nan, yanayi ne ya raba. Amma masana suna lura, kuma mai lura yakan gyara takardarsa ta baɗi ta dace da abin da layi ke karɓa. Da haka ne jadawali ke sassaƙa irin ilimin da za a nema tun kafin a nema.

Sannan akwai rabon ƙasashe. Lokacin ALMA an kasa shi bisa yarjejeniya: kashi 33.75 cikin 100 na Turai, kashi 33.75 na Arewacin Amurka, kashi 22.5 na Gabashin Asiya, kashi 10 na Chile mai masaukin baƙi. Wannan rabo sai an cika shi a zahiri, a sa'o'in da aka yi aiki, kuma lissafin jadawali na cikin abin da ke tabbatar da hakan. Ke nan yarjejeniyar gwamnatoci tana zaune a cikin layukan manhaja. Tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi ita ce ko sa'ar dare mai bushewa daidai take da sa'ar rana mai danshi idan ana ƙirga kason kowa.

Na ƙarshe shi ne katse layi. A ranar 17 ga Agustan 2017 na'urorin LIGO da Virgo suka kama girgizar karon wasu matattun taurari biyu masu tsananin nauyi, a nisan tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 130. Cibiyoyi a faɗin duniya suka juya zuwa wurin, kuma VLA ta kama igiyoyin rediyon abin bayan kwana 16, ta ci gaba da bibiyarsa na watanni. Babu mai cewa bai cancanci a katse layi dominsa ba. Amma kowace sa'a da aka ba shi daga hannun wani aka karɓe ta, kuma ƙa'idar da ta fayyace wa za a ture da yadda za a rama masa tana da muhimmanci ga wanda aka ture.

Wanda aka ture ɗin kuwa sau da yawa ɗalibin digiri na uku ne mai tallafin shekara uku ko huɗu. Idan ƙunshinsa bai fito ba kafin a sauya zaman farantai, wata 16 sun fita daga cikin shekarunsa. Farfesa mai ayyuka goma zai jure wannan. Ɗalibi mai aiki ɗaya yana iya canza batun bincikensa gaba ɗaya.

Cibiyoyin sun yi ƙoƙari wajen gyara ƙofar farko. Tun 2021 ALMA ke ɓoye sunayen masu nema daga masu tantancewa, domin kada suna ko jami'a ko ƙasa su rinjayi hukunci. Wannan abin yabo ne. Amma samun daraja daga kwamiti alkawari ne kawai, jadawali ne ke cika shi ko ya bar shi. Kulawar da aka ba ƙofar farko ya kamata ƙofa ta biyu ta samu irinta.

Manhajar da wayar hannu ta jingina da ita

Akwai wani reshe na wannan aiki da tasirinsa ya wuce masana falaki. Idan aka haɗa farantan da ke nahiyoyi daban-daban, kamar yadda aka yi domin hoton baƙin rami, kowanne yana naɗar saƙo da kansa tare da lokacin agogon atam, daga baya a kai bayanan wuri ɗaya a gwama. A nan jadawali ba ya motsi, tun da farko ake rubuta shi daƙiƙa bayan daƙiƙa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Shekaru da dama manhajar da masana suka dogara da ita ita ce SCHED, wadda Craig Walker na hukumar NRAO ta Amurka ya rubuta da tsohon harshen kwamfuta na Fortran. Daga baya cibiyar JIVE da ke Holan ta ɗora mata sabuwar riga da harshen Python, aka sami pySCHED.

Da wannan dabara ce ake auna juyawar duniya kanta. Duniya ba ta juyawa da sauri guda, iska da teku da motsin cikinta suna ƙara mata ko rage mata ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba. Taurarin ɗan'adam ba za su iya auna wannan kusurwa su kaɗai na dogon lokaci ba, sai an jingina da kwaza, waɗanda nisansu ya sa suke kamar kafaffun turaku a sama. Shi ya sa ake gudanar da zaman sa'a ɗaya a kai a kai tsakanin tashoshi irin na Kokee Park a Hawayi da Wettzell a Jamus, da kuma zaman sa'a 24 sau biyu a mako. A tsakiyar duniya ƙasa tana tafiya da gudun kimanin mita 465 a daƙiƙa, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya kai kusan rabin mita a ƙasa. Tsarin GPS da ke nuna wa direba hanya, da mai safiyo da ke auna iyakar fili, duka suna cin moriyar wannan awo. Ingancin awon kuwa ya dogara ƙwarai da jerin kwazan da aka zaɓa da yadda suka bazu a sama, wato da jadawali. Tsohuwar manhajar sked ta hukumar NASA ta daɗe tana wannan aiki. Sabuwar da aka rubuta a jami'ar fasaha ta Vienna, VieSched++, takan ƙirƙiro jadawalai masu yawa, ta gwada kowanne a kwaikwayo, ta zaɓi wanda zai ba da awo mafi kyau, kuma rubutunta a buɗe yake ga kowa.

Darasin da ke nan a bayyane yake. Ayyukan da duniya ta dogara da su suna iya rataye a wuyan mutane ƙalilan na tsawon shekaru. A jami'o'i ana ƙarin girma ne da yawan maƙaloli, kuma wanda ya kashe shekara biyar yana gyaran manhajar da kowa ke amfani da ita ba ya tara maƙaloli kamar wanda ya yi amfani da ita. Masu ba da kuɗi sun fi son gina sabon faranti da za a yanke masa kintinkiri a kan biyan albashin masu kula da tsohon rubutu. Alhali faranti ba tare da kwamfutocinsa ba kwano ne kawai. A ranar 29 ga Oktoban 2022 aka kai wa kwamfutocin ALMA harin kutse. Farantan ba su sami ko ƙwarzane ba, amma ba a koma sauraren sama ba sai 19 ga Disamba.

Nauyin jadawali ma ƙaruwa yake yi. Dubban taurarin ɗan'adam masu ba da intanet suna ratsa sama suna watsa igiyoyin da suka fi na taurari ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin da NRAO ta gwada da kamfanin SpaceX ita ce cibiyar ta riƙa sanar da inda farantanta ke fuskanta da zangon da suke saurare, domin taurarin Starlink su kauce da saƙonsu idan sun zo wucewa. Jadawali ya zama takardar da ke fita waje ana sulhu da ita.

Hujjojin masu ja

Hujja ta farko ita ce idan aka bayyana ƙa'idoji dalla-dalla, masu wayo za su riƙa yi musu dabara. Wannan gaskiya ne, amma dabarar tana faruwa ko an bayyana ko ba a bayyana ba. Tsofaffin hannu a manyan jami'o'i sun san halin layin daga gogewa da hirar shan shayi a taruka, domin da ɗan gari akan ci gari. Ɓoye ƙa'ida sabon shiga kaɗai yake hanawa. Idan kuma wata dabara tana ɓata tsarin, gyara ƙa'idar ne magani.

Hujja ta biyu ita ce na'urorin nan da kuɗin jama'a aka gina su, don haka abin da ya kamata a nema kawai shi ne a ci moriyar kowace sa'a. Tambayar ita ce da me za a auna moriya. Idan da yawan sa'o'in da faranti ya yi yana saurare ne, ayyuka masu sauƙi za su cika layi. Idan da yawan ayyukan da aka kammala ne, gajeru za su yi rinjaye. Idan da darajar kwamiti ne, za a bar faranti yana zaune yana jiran yanayi. Kowane ma'auni zaɓi ne, kuma kasancewar kuɗin na jama'a ne ma ya ƙara wajabta a faɗi wanda aka zaɓa.

Hujja ta uku ita ce mutum ne ke da magana ta ƙarshe, kamar masanin da ke bakin aiki a ALMA. To, amma mutumin da aka miƙa wa jeri da tsakar dare a kan tudu, galibi daga saman jerin zai ɗauka, kuma daidai ne ya yi hakan. Inda ya saɓa wa jerin ma, ya kamata a rubuta dalili a ajiye, domin a nan ake gane inda manhaja ta gaza da inda mutum ya karkata.

Akwai kuma masu ganin cewa ƙirƙirarriyar basira za ta warware komai. Za ta iya taimakawa wajen hasashen yanayi da gano jerin da ya fi rage juyin faranti. Amma tsarin da ba zai iya bayyana dalilin da ya sa ya fifita wannan aiki a kan wancan ba bai dace da kujerar alƙali ba, komai saurinsa. Wanda aikinsa bai fito ba yana da haƙƙin jin dalili a cikin harshen da zai fahimta.

Inda abin ya shafi Afirka

Wannan muhawara tana matsowa kusa. A yankin Karoo na Afirka ta Kudu aka buɗe cibiyar MeerKAT mai farantai 64 a watan Yulin 2018, kuma a nan ake gina rabin babban aikin SKA, inda aka tsara farantai 197, yayin da ɗaya rabin, mai ƙananan eriya 131,072, yake Yammacin Ostareliya. A Kuntunse kusa da Accra, Ghana ta mai da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 zuwa na'urar sauraren sama, aka ƙaddamar da shi a Agustan 2017, da nufin ya shiga haɗakar farantan nahiyoyi. Ranar da irin wannan faranti zai yi aiki tare da na Turai, sai manhajar jadawali ta san wurinsa, da saurin juyawarsa, da zangon da yake kamawa. Tashar da babu bayananta a cikin kundin manhaja ba ta cikin aikin.

Tsarin samun lokaci ma ya bambanta. NRAO ta daɗe da manufar buɗe ƙofa ga kowane masani daga kowace ƙasa bisa ingancin takardarsa. SKA kuwa ƙungiya ce ta gwamnatoci, mafi yawan lokacinta na ƙasashen da suka zuba kuɗi ne gwargwadon kasonsu, sai ɗan ƙaramin kaso da za a bar wa sauran duniya. Masani daga Kano ko Yamai ko Tamale, idan ya nema, ta wannan siririyar ƙofa zai bi ko ta haɗin gwiwa da abokan aiki. Yadda manhaja za ta ƙirga kason kowa, da irin sa'o'in da za su faɗo wa 'yan waje, su ne za su nuna ko ƙofar ta gaskiya ce.

Ga ƙasashen da ba su da kuɗin gina faranti, wannan fage yana da wata fa'ida. Tsara jadawali matsala ce ta lissafi da rubutun kwamfuta, irin wadda ake koyarwa a sassan kimiyyar kwamfuta da lissafi, 'yar'uwar matsalar tsara tashin jirage ko rabon ɗakunan tiyata. Ba ta buƙatar hamada ko tudu. Wasu manhajojin a buɗe suke, kuma bayanan ALMA galibi sukan zama na kowa bayan shekara ɗaya. Sashen jami'a da ke da malamai biyu masu himma da intanet mai ɗorewa zai iya ba da gudummawar da za a yi amfani da ita a cibiyoyin duniya, kuma wanda ya taimaka wajen rubuta ƙa'ida yana da bakin magana idan ana gyara ta.

Abin da ya kamata a nema

Wasu cibiyoyi sun riga sun wallafa bayanin abubuwan da jadawalinsu ke dubawa da alƙaluman ayyukan da suka kammala. Abin da ake buƙata shi ne wannan ya zama wajibi a ko'ina, ya kuma yi zurfi. A wallafa nauyin da aka ba kowane sharaɗi, da ranar da aka canza shi, da dalili. A fitar da rahoton shekara da ke nuna kason ayyukan da suka kammalu bisa daraja, da zango, da yanki, da matakin mai nema, ɗalibi ne ko farfesa. A ajiye tarihin duk inda mutum ya saɓa wa jerin manhaja. A buɗe rubutun manhajar ga masu son dubawa. A ware kuɗin kula da ita a cikin kasafin cibiya na dindindin, a kuma ƙirga wannan aiki idan ana duba ƙarin girman waɗanda suka yi shi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da kuɗinsa ya kai na faranti guda. SKA tana kan ginuwa, manhajojinta ma haka, kuma ƙa'idar da aka zuba a cikinsu yanzu za ta raba sa'o'in sama na shekaru masu yawa. Gwamnatoci da jami'o'in Afirka da ke zaune a teburin, ko suke neman kujera a kansa, yanzu ne ya dace su tambayi yadda za a riƙa jera layin, tun kafin ya fara motsi.